Mai Waƙa Bai San Inda Waƙarsa Ta Kwana Ba

 

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ba mu zo yau don mu yi jayayya da magabata a kan wannan magana ba, gama duk wanda ya taɓa jin gwani yana rera abin da ya tsara da kansa, sa'an nan ya ji wani yana kwaikwayonsa, ya san sun faɗi gaskiya. Amma fa daɗi daban, aiki daban. Mas'alar da muka ɗauko ita ce aikin da waƙa ke yi bayan ta bar bakin mai ita, lokacin da taro ya watse, aka sauke kalangai, 'yan amshi suka raba abin da aka samu kowa ya kama gabansa, ita kuwa waƙar ta bi wani mutum gida, ta shiga ɗaki tare da shi, ta zauna a zuciyarsa shekara da shekaru, alhali wanda ya yi ta bai san sunan mutumin ba, bai taɓa ganin fuskarsa ba, kuma galibi har ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda zai zo ya ba shi labari. Mun sani sarai malamai sun yi saɓani mai faɗi a kan hukuncin kiɗa da bushe-bushe, kowane ɓangare da hujjojinsa, kuma wannan fili namu na faɗakarwa ba na fatawa ba ne. Mu dai abin da ya wakana, yake kuma wakana a gabanmu, shi za mu duba, ko a waƙar baka ko a rubutacciyar ƙasida.

Mu fara da makaɗin fada na zamanin da, domin a zahiri shi ne ya fi kowa damar sanin abin da waƙarsa ta yi. Ga shi durƙushe gaban ubangidansa da kotsonsa ko taushinsa, 'yan amshi na bayansa, sanƙira na gefe yana ƙara wa magana armashi, idonsa kuwa ba ya barin fuskar sarki, har in ya ga an gyara zama, ko an yi murmushi a ƙarƙashin amawali, ya san ɗan waƙar nan ya shiga, sai ya maimaita shi; in kuwa aka tuɓe riga aka jefo masa, ko aka ce a kamo doki, to ya ga sakamakon fasaharsa da idonsa tun bai tashi ba. Wannan shi ne ma'aunin da ke hannunsa, kuma ma'auni ne na gaskiya gwargwadon inda ya tsaya. Sai dai bai wuce bakin zaure ba. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙinsa don ya ɗaukaka shi bisa abokan gabansa, ya kuma sami abin da makaɗa ke samu. Amma ga shi yau, bayan sarkin da makaɗin duka sun daɗe da kwanta dama, ɗalibai a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya suna rubuta kundaye a kan azancinsa, mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Isa ba, ba kuma ruwansu da wace ce gabar da ake yi a lokacin, suna ɗauko maganganunsa don su yi wa kansu nasiha a kan haƙuri da juyin zamani. Wanda aka yi wa waƙar ya tafi da rabonsa, saura kuwa, wanda shi ne mafi yawa, ya faɗa hannun waɗanda ba a nufa da ita ba.

To, mu mutanen Suleja ba ma bukatar mu tafi Isa neman misali, domin tarihin garinmu kansa shaida ne. Kowa ya san cewa a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yo kudu har Zuba, kuma ƙanensa Abu Ja ne ya kafa wannan gari a 1828, garin da ya ci sunan Abuja har ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da aka ba sabon babban birnin tarayya sunan, shi kuwa aka kira shi Suleja da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Mutanen da suka yi wannan ƙaura ba su iya ɗauko ganuwa ba, ba su iya ɗauko gonaki ko kushewun iyayensu ba, amma sun ɗauko sarautu da tsarin fada da al'adunta, har ya zama lokacin da masanin nan M. G. Smith ya so ya bayyana yadda mulkin Zazzau yake kafin jihadi, a littafinsa da ya fito a 1960, sai da ya dogara da abin da aka adana a nan, musamman bayanin da Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta na tarihi da al'adun mutanen Abuja. Fada kuwa ba ta cika sai da tambari da kakaki da algaita, kuma kowace sarauta da takenta. Shi take, in kun lura, sunan wanda aka yi wa yake ɗauke da shi, ba ya ɗauke da sunan wanda ya tsara shi. Ku kwatanta a ranku wani mabushi a tsohon birnin Zazzau, wanda iyakar burinsa ranar da ya haɗa waɗansu 'yan muryoyi shi ne ubangidansa ya ji daɗi a hawan Salla ya ba shi riga. Ina zai kawo wa ransa cewa wata rana za a busa irin abin da ya tsara a gindin dutsen Zuma, ga mutanen da aka raba da garinsu, ya zamana busar nan ce ke gaya musu cewa har yanzu su Zazzagawa ne, sarautarsu ba ta mutu ba? Aikin da ya yi wa zuriyar da bai gani ba ya fi wanda ya yi wa sarkin da ya gani nesa ba kusa ba.

Me ya sa al'amarin yake haka? Mutum zai ce ai nisa ne, da tsawon zamani, da rashin mai kai labari, kuma duk waɗannan gaskiya ne. Amma akwai sababin da ya fi su zurfi, wanda Imam Gazali, da ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, wato 1111, ya yi ishara gare shi a babin da ya keɓe wa ladubban sauraro a cikin Ihya'u Ulumiddin. Ma'anar abin da ya tafi a kai ita ce, sauti ba ya dasa wa zuciya abin da babu shi a cikinta, sai dai ya motsa abin da ke kwance a can tun da fari. Idan haka ne kuwa, to rabin waƙa kaɗai ke hannun mawaƙi, wato kalmomi da kari da murya. Ɗaya rabin yana cikin ƙirjin mai saurare, wanda ya zo da maraicinsa, ko bashinsa, ko begen wanda ya rasa, ko tsoron abin da gobe za ta haifar, kuma mawaƙi, kome basirarsa, ba shi da hanyar leƙa wannan rabin. Baiti ɗaya sai ya sa wani dariya, ya sa na kusa da shi hawaye, na uku kuwa ko a jikinsa. A nan garin ne marigayiya Ladi Kwali ta yi aiki tun daga 1954, a cibiyar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe, har sunanta ya kai Ingila da Amurka, hotonta kuma ya hau takardar naira 20. Maginiya irinta ta san yumɓunta, ta san zanenta, ta san wutar da ta ishi tukunya. Abin da ba ta sani ba shi ne, randar da ta fita daga hannunta, a gidan suna za a sha ruwanta ko a gidan makoki. Haka mai waƙa yake da waƙarsa.

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar a sha'anin Ishiriniya, wadda kusan babu unguwar Hausawa da ba a san muryarta ba, balle in watan Maulidi ya kama, a ji ta tana tashi daga zaurukan malamai da makarantun allo har tsakar dare. Da yawa daga cikin masu rera ta, da za a tambaye su, sai su ɗauka wani waliyyi ne na Kano ko Katsina ya yi ta, saboda yadda ta saje da harshenmu da karin muryarmu. Alhali kuwa mu'allifinta, Abu Zaidin Abdurrahman Alfazazi, mutumin Andalus ne, magatakarda a fadar masu mulkin zamaninsa, wanda ya tsara waɗannan ƙasidu na begen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, a birnin Ƙurɗuba a shekara ta 604 bayan Hijira, baiti ashirin ashirin bisa kowane harafi, sa'an nan daga baya Ibnu Muhibu ya yi musu tahamisi, ya zama shi ne siffar da muke karantawa. Alfazazi ya rasu a ƙasar Maroko a 1230. Bayan rasuwarsa da shekara shida kacal Ƙurɗuba ta fita daga hannun Musulmi, babban masallacinta ya koma coci, kuma sannu a hankali aka wayi gari babu mai rera ƙasidar Larabci a titunan da aka haifi Ishiriniya. A lokacin da yake rubutunsa kuwa, da sauran fiye da shekara ɗari kafin Wangarawa su iso Kano a zamanin Sarki Yaji su ƙarfafa Musulunci a fadarta. Wato mutanen da Allah ya ƙaddara za su riƙe masa waƙarsa, su haddace ta, su fassara ta baiti baiti a gaban malami, su buga ta a sayar a kasuwar Kurmi, su yi mata kari iri iri har kowane gari da irin nasa, a ranar da ya ajiye alƙalami ko kakannin kakanninsu ba a haifa ba, ƙasarsu ma da wuya in ya taɓa jin sunanta. Da wani ya zo ya ce masa, ya Shehu, garinka zai manta da kai, amma bayan shekara ɗari takwas, can bayan Sahara, wata tsohuwa da ba ta jin Larabci za ta riƙa kuka in an rera baitocinka, lalle da ya ɗauka zolaya ce. Ni a ganina duk cikin tarihin adabi da wuya a sami amanar da aka riƙe kamar yadda Hausawa suka riƙe wa wannan bawan Allah tasa.

Kusa da mu kuma ga Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, makaho tun yana ƙarami, mai Waƙar Imfiraji. Shi ya rayu har aka buga waƙarsa aka karanta ta a makarantu, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta girmama shi. Amma makafi nawa ne, a ƙofofin masallatai da tashoshi da kasuwanni, daga nan har Damagaram, suka ci abinci suka ciyar da iyalinsu da baitocinsa, ya zamana maimakon su miƙa hannu kurum, suna da wa'azin da suke bayarwa a karɓi sadaka da mutunci? Wannan lissafi ba ya cikin abin da jami'a ta karanta ranar da ta ba shi digiri.

Da faifan garmaho ya zo, sa'an nan rediyo ta biyo baya, sai tazarar da ke tsakanin mawaƙi da mai sauraro ta zama abin da ba a taɓa gani ba. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, ƙaramin akwati mai aiki da batir kuma ya shiga hannun manomi da makiyayi da ɗan tireda. Daga ranar nan muryar da a da ba ta wuce dandali ɗaya sai ta riƙa kwana a zangon Kumasi da na Ankara, da Maraɗi da Agadas, da Garwa, har da garuruwan Hausawan Sudan irin su Mai Wurno, inda jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke zaune a bakin kogin Nilu. Dattawa daga cikinku za su tuna da filin Zaɓi Sonka, yadda mutum zai sayi kati ya jera sunayen 'yan'uwa da abokai, ya roƙi a sa masa waƙa kaza ta wane. Ku lura da inda katin nan yake zuwa: gidan rediyo yake zuwa, ma'aikaci ya karanta, a saki faifai, a wuce. Shi mai waƙar, wataƙila a sa'ar nan yana bisa hanyar wani biki ko yana barci, bai san cewa da muryarsa wani soja ya gai da mahaifiyarsa ba, ko wani ɗan ci-rani ya shaida wa matarsa cewa yana nan da rai.

Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, shi ne babban misalin wannan zamani. Mutum ne da waƙa ke zo masa nan take, ya yi ta a gaban jama'a, kalangai na tashi, ya wuce zuwa wata, kuma sananne ne cewa shi kansa bai riƙe adadin waƙoƙin da ya yi ba. To wanda bai ƙidaya waƙoƙinsa ba, yaya zai ƙidaya abin da suka aikata? Ya san attajirin da ya ba shi mota, ya san sarkin da ya ba shi doki, ya san Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Amma a shekarun yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, sa'ad da shi da waɗansu mawaƙa suka yi wa sojoji waƙoƙin ƙarfafa zuciya, akwai yaron da ya bar ƙauyensu karo na farko, yana kwance cikin rami a dajin da bai san sunan itatuwansa ba, wanda muryar nan ta fito masa daga akwatin wani ta tuna masa cewa yana da gida. Irin wannan yaro, in ya dawo, noma ya koma ko gadi, bai kuwa taɓa samun hanyar da zai tsaya gaban Shata ya ce masa ga abin da ka yi mini ba.

Garinmu gari ne na mahaɗar hanyoyi, mai zuwa Kaduna da mai zuwa Minna da mai gangarawa Lakwaja duk ta nan suke bi, kuma tun da gwamnati ta tare a sabon birni a 1991 dubban ma'aikata da leburori da 'yan kasuwa suke kwana a nan su yi sammako can. Saboda haka wanda ya san tashoshin Suleja ya san yaran mota, ya san wahalarsu da yadda ake raina su. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya tashi maraya a Bukuru a hannun Sarkin Hausawan garin, ya kuma rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa tun ana ganin irinsa bai isa a ambace shi ba, balle a waƙe shi. Sarki in an yi masa waƙa yakan aika a kira makaɗin. Karen mota kuwa ba shi da zauren da zai tara mutane, ba shi da rigar da zai tuɓe, iyakarsa ya ji ta a kaset ɗin direba, ya yi shiru a bayan mota, ya san cewa akwai wanda ya gan shi. Haka waƙar Ɗanmaraya ta auren dole: in akwai uban da ya ji ta ya sake shawara a kan 'yarsa, ai ba zai fita ya yi shela ba, ita 'yar ma mai yiwuwa ba ta san abin da ya cece ta ba. Haka kuma Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da ƙwaryar amadarta ta yi ta zuga mata su kama sana'a. Matan da suka fara dakau ko ƙulle-ƙullen kayan miya a cikin gida saboda zugarta ba su da rajista a ko'ina.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A ƙasar Afirka ta Kudu an yi wani malamin makarantar mishan kusa da Johannesburg, sunansa Enoch Sontonga, wanda a 1897 ya tsara wata 'yar waƙar addu'a da harshen Xhosa don yaran makarantarsa su rera, yana roƙon Allah ya albarkaci Afirka. Ya rasu a 1905 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ba shi da wani suna, har kabarinsa ya ɓace wa mutane sai a shekarun 1990 aka gano shi. Bayan rasuwarsa da shekara bakwai aka rera waƙar a taron kafa ƙungiyar da daga baya ta zama ANC, ta zama waƙar masu yaƙi da wariyar launin fata, ana rera ta a gidajen kurkuku da wajen jana'izar waɗanda aka harbe. Karinta ya zama taken ƙasar Tanzaniya da na Zambiya, kuma tun 1997 tana cikin taken Afirka ta Kudu kanta. Malamin nan ya mutu yana zaton waƙar 'yan makaranta ya yi. Nadiran ne ake samun wanda labari ya iske shi da rai, kamar wani mawaƙin Amurka mai suna Rodriguez, wanda ya yi faifai a 1970 bai sami kasuwa a ƙasarsu ba, ya koma aikin lebura a birnin Detroit, alhali a Afirka ta Kudu faifan nan yana gidaje bila adadin, mutane ma sun ɗauka ya mutu. Sai a 1997 aka nemo shi, a 1998 kuma aka kai shi ya ga taron masoyansa da idonsa. Labarinsa ya yi daɗin ji ne saboda ba a saba ganin irinsa ba.

Yanzu kuma sai mu juya ga ɓangaren da ba shi da daɗin faɗi, wanda don shi ne ma muka ga maganar ta cancanci filin faɗakarwa. Jahilcin mawaƙi game da inda waƙarsa ta sauka bai tsaya ga alheri kaɗai ba. Zambo da habaici tsofaffin makamai ne a hannun makaɗan Hausa, kuma tun zamanin hamayyar jam'iyyun NPC da NEPU a shekarun 1950 siyasa ta ƙara musu kaifi. Makaɗi yakan yi wa mutum zambo don ya faranta wa ubangidansa na yini ɗaya, a yi dariya, a ba shi kyauta, gobe ma wataƙila manyan su shirya su ci abinci a akushi guda. Amma laƙabin da ya liƙa wa mutumin yana nan, yara sun ɗauka, ana jifan 'ya'yansa da shi a makaranta, ana tuna wa jikokinsa ranar neman aure, shi kuwa wanda ya ƙaga shi ya manta ma ya taɓa faɗi. Ya tabbata a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa bawa yakan furta kalmar da bai ɗauke ta a bakin kome ba, ta zama sanadin halakarsa, kuma a ruwayar Buhari an ambaci kishiyarta, wato kalmar da bai damu da ita ba Allah ya ɗaukaka darajarsa saboda ita. In wannan shi ne halin kalmar da aka faɗa sau ɗaya iska ta kwashe, to ina ga wadda aka sa wa kari da amshi don ta zauna a ka, aka kuma naɗe ta yadda za a maimaita ta bayan mai ita ya shiga kabari?

'Ya'yanmu mawaƙan wannan zamani za su ce su kam sun huta da wannan duhu, tun da waya tana nuna musu mutum nawa suka kalli waƙarsu a YouTube, nawa suka yaba a Facebook, nawa suka yi rawa da ita a TikTok. Muna taya su murna, amma a yi hattara, domin adadin nan ɗan'uwan rigar da sarki ke jefowa ne: yana nuna wanda ya ji, ba ya nuna abin da jin ya haifar. Bugu da ƙari, yawancin masu sauraro a garuruwa irin namu ba sa cikin lissafin ma sam, tun da wajen masu tura waƙoƙi a bakin tasha ake cika musu memori da 'yan kuɗi kaɗan, daga nan waƙa ta bi waya zuwa waya har rugar da babu intanet. Yaron da ya tsara baitin cin mutuncin wata ƙabila ko wani malami a ɗakin naɗar sauti, don ɗan takara ya biya shi, ba zai kasance a wurin ba ranar da wani matashi mai zafin kai zai rera shi a gaban waɗanda aka zaga, a gari irin Suleja inda Bahaushe da Gbagyi da Koro da Banufe da Bayarabe da Ibo suke cin kasuwa ɗaya.

Ni dai, in an tambaye ni, ina ganin akwai rahama a cikin wannan ɓoyewa ta fuskar alheri, domin zuciyar ɗan Adam ba ta da ƙarfin ɗaukar yabo mai yawa, kuma da Alfazazi ya ga abin da muke gani, da wuya ujubu da riya su bar masa ikhlasin da ya sa baitocinsa suka rayu. Amma rahamar da Allah ya yi wa bawansa ba ta zama uzurin rowar godiya gare mu ba, musamman da yake da yawa daga makaɗanmu da sha'iranmu sun tsufa cikin rashi, waɗansu suna zaton an manta da su, alhali muryarsu na cikin aljihun dubban mutane.

Saboda haka ga abin da muke roƙonku. Duk wanda wata waƙa ko ƙasida ta taɓa yi masa wani aiki a rayuwarsa, ta hana shi yanke ƙauna, ko ta sa ya koma makaranta, ko ya mai da matarsa, ko ya yafe wa ɗan'uwansa, ya rubuto mana, da boko ko da ajami, ya faɗi waƙar da mai ita da abin da ya faru, ba sai ya sa sunansa ba in bai so. Za mu karanta abin da ya samu a wannan fili, kuma in mai waƙar yana raye za mu nemi hanyar isar masa, in ya rasu mu isar wa iyalinsa. Dattawan fada kuma da suka san asalin wani take, da gidan makaɗan da suka gaje shi, muna roƙon su ba mu dama mu zo mu durƙusa mu ɗauka daga bakinsu.